Littafin kunnen Auta: daga zubar mugunya zuwa facin dodon kunne

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Likitan kunne ne ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta ranar da kunnen Auta ya zubo, da ranar da ya tsaya, da duk abin da aka ɗiga a ciki. Tunda dai rubutun za a yi, gara in haɗa da kuɗin da ke fita da kuma yadda ake karɓarmu, wataƙila wata uwar ta amfana. Asibitin na gwamnati ne a nan Kano, ba sai na kama suna ba.

Auta shekararta 9, tana aji huɗu na firamare. Kunnen hagun ya fara ruwa tun wani zazzaɓi da mura da ta yi tana 'yar shekara 4. Ya lafa, ya dawo, musamman da hunturu ko in ruwan wanka ya shiga. Abin da ya taso mu a wannan karon wari ne, har yara sun fara matsawa daga kusa da ita a benci. Ga kuma malamarsu ta rubuto a takardar sakamako wai ba ta mai da hankali.

Likita ya zura wani siririn ƙarfe mai fitila da kyamara, sai ga cikin kunnen a allon kwamfuta, cike da mugunya. Ya ce sai an zuƙe kafin a ga komai. Nas ɗin da ke tare da shi ba ta bari an kunna na'urar haka kawai ba. Ta kama hannun Auta ta ɗora bakin bututun a bayansa don ta ji yadda yake ja, ta ce, "'Yan mata, ƙara kawai za ki ji, ba zafi. In kina so a tsaya ki matse min yatsa." Ta matse kuwa, aka tsaya, aka ci gaba. Da aka gama jiri ya ɗan ɗebe ta. Likita ya ce iska mai sanyi ce ta taɓa wurin da ke daidaita tsayuwar mutum a can ciki, zai wuce nan take.

Sai ga hujin a fili, ya ci kusan rabin dodon kunnen. Ya nuna min na dama in kwatanta: lafiya lau, yana sheƙi.

Ya karɓi kwalbar ɗigon kemis da na zo da ita ya karanta, ya ce a jefar. Akwai gentamicin a ciki, kuma in dodon kunne a huje yake maganin yana iya ratsawa ciki ya lalata jin gaba ɗaya.

Kati da ganin likita ₦3,000, wankin kunne ₦5,000, gwajin mugunya ₦6,000, ɗigon ciprofloxacin ₦3,500, adaidaita zuwa da dawowa ₦2,400.

Alhamis, 16 ga Janairu

Aikin safe da yamma: in murza tishu ya zama siriri, in zura a hankali ya tsotse, in sake wani har ya fito a bushe. Sai ta kwanta a gefen dama in ɗiga, in danna 'yar tsokar da ke bakin kunne, ta yi kamar minti biyar a kwance. Ta ce tana jin ɗacin maganin a maƙogwaro. An riga an gaya mana haka zai faru, don akwai 'yar hanya daga bayan dodon kunne zuwa bayan hanci. Wanka kuma sai an toshe da auduga an shafe ta da basilin.

Litinin, 20 ga Janairu

Gwaji ya fito, ƙwayar cutar ana kiranta Pseudomonas, irin mai son laima ce. Ɗigon da muke kai yana cin ta, a ci gaba.

Hajiya kakarsu ta aiko da man habbatussauda a ɗiga. Na rasa yadda zan yi, don da zuciya ɗaya ta aiko. Abbansu ne ya je da kansa ya ce, "Hajiya, an gode, za a riƙa ba ta a cokali. Kunnen ne likita ya ce ko ruwan zamzam kada ya shiga sai ya bushe." Ta yi dariya ta ce to Allah ya ba da lafiya.

Laraba, 29 ga Janairu

Gwajin ji. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, an lulluɓe bangonsa don kada ƙarar waje ta shiga. Auta ta leƙa ta ga za a rufe ta ita kaɗai, ta ja tunga. Mai gwajin, wani matashi mai sanyin hali, ya bar ta ta buɗe ƙofar ta rufe da kanta daga ciki har ta tabbatar ba makulli, sannan ya kifa mata abin sauraro a kunnuwa. Duk lokacin da ta ji ɗan sauti ta ɗaga hannu. Daga baya ya ɗora wani ɗan abu mai girgiza a ƙashin bayan kunne aka sake.

Ya zauna ya yi min bayanin takardar. Ana auna ji da desibel, kuma ƙasa da 20 shi ne lafiyayyen ji. Na dama yana kan 10, na hagu kusan 38. Raɗa tana kai wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Ke nan in ka yi mata raɗa ta hagu kamar ba ka yi ba, in kuma aji ya kaure da surutu rabin maganar malama ba ya isowa. Labari mai daɗi shi ne gwajin ƙashin ya fito daidai, jijiyar jinta ba ta taɓu ba, sautin ne ba ya samun isa gare ta.

Ya ce min duk mai son magana da ita ya tsaya ta damanta, ya bari ta ga fuskarsa. Na je makaranta na roƙi a mai da ita bencin gaba, ta yadda bango zai kasance a hagunta. Malamar ta ji nauyi sosai da ta ga takardar.

Gwaji ₦10,000.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun koma baya. Mugunyar ta ragu, amma tun ranar Juma'a take fama da ƙaiƙayi, har cikin barci tana tura yatsa. Tishun yana fitowa da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige. Likita ya duba ya ce fumfuna ce ta tsiro. Ɗigon ya kashe ƙwayoyin cutar, ya bar wurin da laima, ita kuma fumfuna abin da take jira ke nan. Aka sake zuƙewa, kuma yau ta yi kuka, don fatar ciki ta yi ja. Ya shafa clotrimazole da kansa a bangon kunnen, ya ce kada in ɗiga irinsa a gida, in ya faɗa ta hujin raɗaɗi yake yi. Ciprofloxacin a dakatar.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafi ya koma farko. Likita ba zai yi aikin facin dodon kunnen ba sai kunnen ya yi makonni a bushe. Wanki ₦5,000, magani ₦2,000.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An sake shafa magani. Ƙaiƙayi ya tafi. Tishu a bushe tun jiya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mako biyu a bushe, babban likita ya yarda a sa rana. Mun je da Abbansu.

Ya zana mana a bayan wata takarda. Za a yanka ta bayan kunne, a yanko wata siririyar tantani da ke lulluɓe da tsokar da ke saman kunne, a shimfiɗa ta ƙarƙashin hujin. Ba ɗinke ta ake yi ba. Ana tokare ta ciki da waje da wani soso mai narkewa, fatar dodon kunnen ta bi kanta ta rufe a hankali. Yana ciki zai duba ƙananan ƙasusuwa uku da ke kai sauti, ko mugunyar shekara da shekaru ta ci wani. Mafi ƙanƙantarsu wajen milimita 3 ne kawai. Ya ce da ma ba a son yi wa yaro wannan aiki da wuri sosai, ana jira ya kai shekara 7 ko 8, lokacin da hanyar nan ta zuwa hanci ta yi ƙwari kuma yawan mura ya ragu.

Bai ɓoye komai ba. Facin yana iya ƙin kamawa. Akwai jijiyar ɗanɗano da ta ratsa ta wurin, in an taɓa ta baki yana canzawa na ɗan lokaci. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan ta bi, ko da yake da wuya a taɓa ta. Abbansu ya yi shiru ya daɗe kafin ya sa hannu. Sai likitan ya juya kujerarsa ya koma ta daman Auta ya ce, "To 'yata, ke me za ki tambaye ni?" Ta ce, "Za a aske min kai?" Ya ce ɗan wuri kaɗan, ɗankwali zai rufe.

Kuɗin aiki da tiyata da barci ₦350,000, gado ₦5,000 kowane dare. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake ₦71,000, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mu da ke koyarwa a makarantar kuɗi ba mu da inshora. Mun yi tunanin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aikinta ke nan tun 1999. Amma tafiyar ta haura kilomita 200, ga zirga-zirgar dubiya bayan aiki, sai muka ga zama a gida ya fi. Uwar adashe ta yarda ta ba ni kwasar wannan watan, sauran Abbansu zai ranto a kasuwar Kwari.

Ranar aiki: Talata, 11 ga Maris.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. An ɗebi jini da fitsari, jininta ya isa, gwajin sikila ya fito AA. ₦28,000. Ashe yau ce ranar ji ta duniya, an kafa rumfa a harabar asibiti ana duba kunne kyauta. Wata ma'aikaciya tana faɗa da lasifika cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata. Layin ya kai bakin ƙofa.

Talata, 11 ga Maris

Ba a yi ba.

An kwantar da mu jiya da la'asar. Tun ranar Asabar take ɗan tari, na kuma faɗa wa wanda ya karɓe mu, ya rubuta a fayil bai ce komai ba. Aka ce daga ƙarfe 12 na dare ko ruwa kada ta sha. Da safe aka sa mata rigar tiyata aka ce mu jira. Tara, goma, sha ɗaya, shiru kake ji. Yarinya leɓe ya bushe, tana kallon robar ruwan da ke kan durowar maƙwabciyarmu. Na je teburin nas-nas in tambaya, wadda na tarar ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Malama, ba ke kaɗai ce a asibitin nan ba." Ni ma da azumi a bakina, na haɗiye na koma.

Sai wajen ƙarfe ɗaya likitar barci ta iso. Ta sa abin sauraro a ƙirjin Auta, ta auna zafin jiki ta ga 38, ta leƙa hanci, ta ce ba za ta sa ta barci a haka ba. Yaro mai mura hanyar numfashinsa a tunzure take, tana iya shaƙewa ana tsakiyar aiki. Ko an tsallake wannan, tari da toshewar hanci za su iya ture facin. A jira makonni.

Hukuncinta daidai ne, ban ja ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne tarin nan yana rubuce tun jiya. Da wani ya karanta fayil ɗin da daddare, ko ya sa mata abin auna zafi da asuba, da ba a bar 'yar shekara 9 awa goma sha uku ba ci ba sha a banza ba. Likitar da kanta ta ga haka. Ta aika aka sayo shayi da burodi, ta tsaya har Auta ta fara ci, ta ce mata, "Ki yi haƙuri kin ji, laifinmu ne." Ta kuma ce min ƙa'idar ita ce awa 6 ba abinci, amma ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2.

A adaidaita Auta ta ce ita ta fasa, a bar mata kunnenta haka.

Gado ₦5,000 ya tafi. Kuɗin aikin suna nan a rubuce, na ɓoye rasit. Yanzu addu'ata kada murar ta sauka a kunne.

Litinin, 17 ga Maris

Murar ta ɗan sauka a kunnen. Laima kaɗan kwana biyu, ba wari, ta tsaya da kanta. Likita ya ce ba sai an ɗiga komai ba. Sabuwar rana: 8 ga Afrilu.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi sallah. Na hana ta zuwa kallon hawa saboda ƙura, an sha daru. Kunne a bushe, tari ya tafi. An maimaita gwajin jini, ₦9,000.

Litinin, 7 ga Afrilu, da dare

Mun dawo ɗakin yara. A wannan karon likitar barci ta zo tun da yamma, ta duba ta, ta rubuta da manyan baƙaƙe a bangon fayil cewa ita ce ta farko gobe, kuma a ba ta ruwa har ƙarfe 6 na safe.

Nas ɗin dare dattijuwa ce, yaran duk suna ce mata Anti. Ta zo da reza za ta aske bayan kunne, ta ga Auta ta dafe kai da hannu biyu. Sai ta ajiye rezar ta ce, "Maman Auta, kina da kibiya?" Ta zaunar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunta ta tsefe kitson da ke kanta, ta yi mata sabo, duk layukan sun kwanta sun nufi dama, ta bar ɗan siririn gashi faɗin yatsa biyu a bayan kunnen hagu. Shi kaɗai ta aske. Ta ce haka take yi wa 'yan mata, don gashi ba zai shiga ciwo ba, kuma za a yi makonni ba a wanke kai ba, gara a shiga da sabon kitso. Tana kitson tana gaya mata abin da za ta gani gobe: fitila babba, mutane da shuɗayen kaya sun rufe hanci, da wata roba mai wari da za a kifa mata ta hura.

Talata, 8 ga Afrilu

An tura ta ƙarfe 8 da 'yan mintuna. Sun bar ni na raka ta har jan layin da ba a tsallakewa. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe gefen gadon gam. Daga baya ta ba ni labari cewa an ce ta karanta Ƙulhuwallahu a cikin robar, kuma ba ta san inda ta tsaya ba.

Mun zauna a benci ni da Abbansu da ƙanwata. Wajen sha ɗaya saura likita ya fito da hularsa a hannu ya ce alhamdulillahi. Ƙasusuwan uku suna nan lafiya suna motsi, ba wani mugun tsiro a ciki, facin ya zauna yadda yake so.

A ɗakin farfaɗowa na same ta an naɗe kan da bandeji, kanula a hannu, tana kuka ba ta san ma tana yi ba. Abu na farko da likitar barci ta sa ta yi shi ne ta rufe ido gam, ta ɗaga gira, ta yaƙe haƙora. Fuska ta motsa daidai ta ko'ina. Sai a lokacin na ji ƙafafuna sun dawo jikina.

Ta yi amai sau biyu da rana, aka sa magani a ƙarin ruwan. Jiri in ta ɗaga kai. Zuwa magariba ta sha kunu ya zauna.

Gadon da aka ba mu damansa a jikin bango yake, don haka duk wanda ya zo ta hagu yake tsayawa, ta kunnen da aka toshe aka naɗe. Ana yi mata sannu tana kallon silin. Anti tana karɓar aiki ta lura, ba ta ce komai ba, ta ɗauke matashin ta mai da shi wajen ƙafa, ta juyar da yarinyar. Ta ce, "Ranki ya daɗe, an naɗa miki rawani ba a gaya mana ba, wace sarautar aka ba ki?" Murmushin farko ke nan yau.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zagayen safe. Likitoci matasa da ɗalibai sun kewaye gadon suna Turanci a kanta, ana ɗaga fayil ana ajiyewa. Ɗaya ya tsaya ta bayanta ya yi tambaya, ba ta amsa ba, ya ce da ni, "Ba ta magana ne?" Na ce tana yi, in an zo ta inda take ji. Ya ɗan ji kunya ya zagayo. Ba mugunta ba ce, gaggawa ce da sabo. Amma a sashen kunne, in aka ce akwai abin da ya kamata kowa ya fara koya, ai wannan ne. Na lura masu shara da masu tura gado sun fi wasu masu farar riga kiyaye shi, wataƙila don su sukan tsaya su yi hira da yaran.

An kwance bandeji da rana. Ɗinkin yana kwance a lungun bayan kunne, tsaf. Ta ce saman kunnen kamar ba nata ba, kuma ruwa yana mata ɗanɗanon ƙarfe a gefe ɗaya na harshe. Likita ya ce duka biyun za su wuce.

Dokoki: ba fyace majina, atishawa da baki a buɗe, ba tsalle, ba ɗaukar bokiti, ba kwanciya a kan hagu, ruwa ko ɗigo kada ya shiga. An sallame mu da la'asar. Gado ₦10,000, magunguna ₦22,000. Auta ta ƙi tafiya sai da ta bar wa Anti saƙo a takarda wajen nas ɗin rana.

Talata, 15 ga Afrilu

An cire zare, ba wani zafi. Abin da ke wahalar da mu zafin gari ne, ya haura 40 da rana, ga rashin wuta. Gumi yana gangarowa bayan kunne, ina bi ina gogewa da busasshiyar auduga. Tana jin ƙarar taunarta da wani ɓal-ɓal a ciki, sosan ne yake narkewa. Malamin Islamiyyarsu ya ce shafar kunne a alwala sunna ce, ta bar na hagun har ya warke, alwalarta ta yi.

Talata, 22 ga Afrilu

Gabana ya faɗi jiya da asuba. Na tarar da matashinta da wani ruwa ja-ja mai kauri, ga shi da daddare atishawa ta kufce mata ta toshe baki da hannu. Na ce shi ke nan, facin ya tafi. Ba ranarmu ta ganin likita ba ce, mai ba da kati ya ce sai Talata mai zuwa. Nas ɗin nan ta ranar farko ce ta hango mu, ta shiga ta yi magana, aka gan mu a ƙarshen layi yau.

Likita ya duba da madubi ya ce sosan ne ya narke ya haɗu da tsohon jini, ba mugunya ba ce. Ya koya min bambancin: in ya zo da wari, ko ruwan ɗorawa ko kore, ko zafi da zazzaɓi, wannan a taho ko da tsakar dare. Bai zuƙe na can ciki ba, ya ce taɓa shi yanzu ɓarna ne. Ya ba da ɗigo na mako ɗaya.

Talata, 6 ga Mayu

An kwashe ragowar sosan. Facin yana nan, ya yi ja, likita ya ce alamar jini ya fara shigarsa ke nan. Ta koma makaranta, ban da wasan guje-guje. Jiya ta ce a kashe injin maƙwabta ya cika mata kunne, injin da shekara nawa yana nan ba ta taɓa kuka da shi ba. Ɗanɗanon ƙarfen ya tafi. An tsefe kitson Anti, ƙanwata ta wanke kan tana kwance rigingine, ni kuma na kife kofi a kan kunnen.

Talata, 17 ga Yuni

Mako goma da aiki. Gwajin ji: hagu ya sauko daga 38 zuwa 22. Mai gwajin ya juyo mata da allon ya nuna mata layin da da na yanzu, ta ce a ba ta takardar ta kai wa malamarsu.

Ba a gama ba tukuna. A gefen gaba na facin akwai wani ɗan huji kamar bakin allura da bai rufe ba. Likita ya ce irinsa yakan rufe da kansa, in kuma bai rufe ba akwai ɗan gyara da ake yi wanda bai kai na farko ba. Ba zai yanke hukunci ba sai nan da wata uku. Kafin nan auduga da basilin suna nan daram, kuma da damina ta kankama na sa mata hular roba a jakar makaranta. Mura in ta kama a kawo ta da wuri.

Na tara rasit: abin da ya fita daga Janairu zuwa yau, har da kuɗin mota, ya ɗan haura ₦500,000. Zubin adashe zai ƙare a Agusta, bashin Kwari saura ₦90,000. Komawa asibiti: Talata, 16 ga Satumba, a duba hujin a sake gwajin ji, a tanadi ₦13,000. Likita ya ce in zo da yayanta shi ma a duba shi, tunda na ce yana ƙure ƙarar talabijin.